Itacen Jegona da Tankin Rana

Hajiya Kaltumi, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki daure ki sa wasiƙata a gaba, domin lokaci ya ƙure mini. Cikina wata takwas ne, malamar awo ta ce saura kamar mako biyar. Na yi wa maigidana wani abu da ban taɓa zaton hannuna zai iya ba. Yau kwana goma sha tara ke nan bai sani ba, kuma laifin yana kan wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. A waya nake rubuto miki, ina yi ina gogewa, in kin ga na yi ta zagaye ki yi haƙuri. Sunayen duk na canja su, don ƙauyenmu ƙarami ne, in ka yi atishawa a gabas sai na yamma ya amsa maka.

Shekararmu goma sha ɗaya da aure, ban taɓa ko ɓatan wata ba sai bana. Malam, haka nake kiransa, yana koyarwa a firamare, yana kuma noman gero da gyaɗa kamar kowa. A duk shekarun nan bai taɓa canja mini fuska ba. Mun je asibiti a Kano, mun sha rubutu, mun sha saiwa, muka gaji muka bar wa Allah. Na faɗi wannan ne don ki san irin mutumin da na yi wa abin da na yi.

Ke wataƙila a birni kike, inda ake kunna gas ko a jona hita. Mu a nan, da ciki ya kai wata shida ko bakwai miji zai fara tara itacen jego. Ba a cikin gida ake ɓoye shi ba, a jikin katangar zaure ake jera shi ta waje, inda duk mai wucewa gona ko masallaci zai gani. Ba wanda zai ce komai, ai da kunya. Amma kowa ya gani ya san an kusa. Tsofaffi har tsayawa suke yi su auna tulin da ido, su ce wance ta yi sa'ar miji. Ran da aka sauka kuwa, sai a girka babbar tukunya a bayan ɗaki, safe da yamma har kwana arba'in, a tafasa ruwa da ganyen darbejiya a yi wa mai jego wanka.

Ni da yake ba ni da goyo, ni ake aikowa. Wance ta haihu, a kira matar Malam ta taya hura wuta. Na ƙirga, Hajiya, mata goma sha bakwai na hura wa wutar jego. Na san itacen da yake ci da wuri da wanda yake jan rai. Na san ƙamshin ganyen nan in ya fara dahuwa, ɗaci-ɗaci haka, yana kama zani ya kwana biyu bai fita ba. Da sanyin safiya, in babu iska, hayaƙin jego ba irin na girki ba ne. Fari ne, kauri gare shi, yakan miƙe sak ya wuce kan rumbuna ya tsaya can sama kamar ba ya son tafiya. Daga gonakin bakin rafi ma ana hango shi, a ce ga gidan da aka yi haihuwa can. Sai in zauna a kan turmi ina tura itace ina kallonsa, a raina ina ɗauke shi ina kai shi saman gidanmu. Har wurin da za a jera nawa itacen na zaɓa tuntuni, daga bakin ƙofar zaure zuwa inda katanga ta ɗan tsage. Wani lokaci in na dawo daga unguwa sai in rage tafiya a daidai wurin, in ga tulin a idona, har in ga wata 'yar akuya ta hau kai ana korar ta.

In na dawo daga irin wannan aiki idanuna sukan yi jawur. Malam ya tambaye ni me ya same ni, in ce masa hayaƙi ne. Kullum amsar ke nan, shekara da shekaru. Ina zan iya ce masa kuka na yi a bayan ɗakin mutane? Shi ma da nasa ciwon a ciki, ban so in ƙara masa.

To, da Allah Ya kawo cikin nan ya kai wata shida, sai na zuba ido. Duk yamma in na ji ƙarar babur ɗinsa sai in leƙa ta ƙofa in ga ko ya ɗauro wani abu a baya. Shiru. Ana gama cirar gyaɗa sai ga shi da Nababa, abokinsa tun na ƙuruciya, mai aikin famfo da ya koyo sana'a a Kano, sun sauke kwalaye daga bayan a-kori-kura. Wai tankin sola ne mai dumama ruwa, rana ce wutarsa. Kwana uku suna fama. Nababa ya ce kwanon ɗakinmu ba zai ɗauki nauyi ba, sai aka yi waldar ƙafafun ƙarfe kusa da banɗaki, aka juya fuskar abin kudu, wai da sanyi can rana take karkata. Suka datse reshe ɗaya na darbejiyarmu don kada ya yi inuwa. A can sama aka ɗora baƙin tanki na ruwan sanyi, ɗan inji yana jawo masa daga rijiya. A ƙasa da shi farin tanki a kwance, da dogayen kwalabe baƙaƙe guda goma sha biyar a jere a jikinsa, kowace ta kusa tsayin Malam. Tsakanin tankunan biyu akwai bututu mai wani jan mariƙi. In mariƙin ya miƙe tare da bututun, ruwa na wucewa. In ya gitta, ya rufe.

Da suka gama, Nababa ya ja mana kunne, ina tsaye a bakin ƙofar ɗaki ina jin sa. Ya ce kada a kuskura a bar farin tankin ba ruwa. In kuwa ƙaddara ta sa ya ƙafe, to kada a sakar masa ruwan sanyi da rana tsaka, a bari sai da sassafe, domin kwalba in ta ɗau zafi ba ruwa a cikinta, sanyi na taɓa ta za ta fashe. Ya ce kuma a riƙa goge kashin kurciya da jiƙaƙƙen tsumma. Duk na ji, ba zan ce ban ji ba.

Kashegari bayan la'asar Malam ya kira ni banɗaki ya murɗa famfo. Wallahi sai ga tururi. Ya sa yatsa ya janye da sauri yana yarfe hannu yana dariya, rabon da in ga ya yi irin wannan dariyar tun muna amare. Nan ne ya faɗa mini dalili. Ya ce shekara goma yana kallon yadda hayaƙin jegon mutane yake cinye mini ido, tun a lokacin ya yi wa kansa alkawari in Allah Ya ba mu namu, ko ƙwayar hayaƙi ɗaya ba za ta shiga idona ba. Ya ce ba zai sayi ko dami ɗaya ba, ga rana nan kyauta daga Allah. Hajiya, sai na ji kamar an zuba mini ruwan a baya. Na ce masa na gode, Allah Ya saka da alheri, na koma ɗaki.

Kada in yi wa abin ƙarya, na so shi. Da hantsi in na gama shara nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida in jingina da bango, ɗan cikin yana motsi, ina kallon kwalaben. Sama takan sauko ta kwanta a jikinsu. In belbelu sun wuce sai in gan su suna bi ta cikin kwalba ɗaya zuwa ɗaya har su ƙare. Wajen azahar tankin yakan fara wata 'yar ƙara ƙasa-ƙasa, irin ta tukunya kafin ta tafasa, sai barci ya ɗauke ni. Bayana da yake ciwo ya ji daɗin ruwan nan, Malam ma ya daina rawar ɗari wurin alwalar asuba. Amma da na leƙa waje sai in ga katangar zaure fayau. Maƙwabciyata Aina'u ta shigo tana zolaya, wai ko Malam da alli zai dafa mini ruwan wanka. Na yi dariya, da ta fita na kasa cin abinci. Shekara goma sha ɗaya ina jira, a ce ni jegona shiru za a yi shi, ba wanda zai ɗaga kai daga gona ya ce ga gidan Malam can?

Mahaifiyata ta rasu tun ina budurwa, don haka Gwaggo Hure, ƙanwar babana da ke Ungogo, ita za ta zo ta yi mini wanka. Da labari ya kai mata ta aiko cewa ruwan da bai ga wuta ba ba ya gasa jiki, ita ba za ta bar 'yar ɗan'uwanta da ɗanyen jiki ba. Malam ya ce ta zo ta gani da idonta. Aka tsayar da Asabar. Dama yana da bitar malamai ta kwana biyu a Kano, daga can zai biyo ya taho da ita.

Ran Laraba Nababa ya zo ya ɗaure wani wuri da yake ɗiga, ya gwada komai lafiya, ya tafi. Alhamis da safe Malam ya kama hanya. Ni kaɗai a gida, na tsaya a ƙarƙashin ƙarafan nan ina kallon jan mariƙin. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Sai kawai na ga na ɗauko muciya na miƙa hannu na tura shi, ya gitta. Daga nan na shiga wanki. Kayan jariri da na riga na wanke na sake wankewa, da labule, da zannuwan gado, har famfo ya yi tari ya ɗauke. Abin da na ƙudurta kawai shi ne Gwaggo ta zo ta tarar ba ruwa, ta yi faɗa, Malam ya ji kunyarta ya sayo itace. Daga baya in buɗe, kowa ya huta. Ran Juma'a na ji abin yana huci, tururi na fita ta ɗan bututun sama. Can da yamma ya yi tsit. Maganar Nababa ta faɗo mini, na ce gobe da sassafe zan buɗe. Da safen na tsaya da muciya a hannu, na tuna in na buɗe rana za ta dumama shi kafin su iso, na mayar da ita kicin.

Sun iso rana na tsaka. Ko ruwa Gwaggo ba ta gama sha ba Malam ya ja ta banɗaki yana murmushi, ya murɗa famfo. Ko ɗigo. Gwaggo ta tafa hannu ta yi shewa, ta ce dama ta faɗa, tun kafin a haifi uwar mai sabulu belbela ke da farinta. Na ga kunya ta rufe Malam. Ya fito da sauri ya ɗaga kai, ya ga mariƙin a gicciye, ya kai hannu. Na san abin da zai faru. Bakina ya buɗe, amma in na ce kada ya taɓa, za a tambaye ni yadda aka yi na san tankin ya ƙafe. Kafin in gama wannan lissafi ya riga ya buɗe, sai ji muka yi tas, tas, tas. Kwalabe uku suka fashe, ruwa ya yi ta kwarara a tsakar gida yana bin hanyar kwata. Malam ya tsaya yana kallo har ya jiƙe masa takalmi. Sannan ya ce a hankali, Nababa ne ya rufe wurin gyara ya manta bai buɗe ba. Ni kuma na yi shiru.

Da yamma ya rufe sauran kwalaben da tsohuwar tabarma, har yau bai sake ɗaga kai ya dube su ba. Ran kasuwar Ɗambatta ya dawo da itace a bayan babur. Tun daga nan kullum sai ya ɗauro, ya jera da kansa daga bakin ƙofar zaure zuwa inda katanga ta tsage, daidai wurin da na zaɓa, alhali ban taɓa faɗa masa ba. Yanzu tulin ya kai mini ƙirji. Tsofaffi suna tsayawa suna sa albarka, Gwaggo ta koma gida da murna, Aina'u ta ce yanzu ta ga magana. Shekaranjiya ma na ga akuya a kai. Abin da ya fi kashe mini jiki, shi ne ya zo yana ba ni haƙuri, wai ya so ya hutar da ni Allah bai nufa ba, in daure da hayaƙin na kwana arba'in.

Nababa ya zo har sau biyu yana rantsuwa ya buɗe kafin ya tafi. Malam ya amsa gaisuwarsa a tsaye, bai ce masa ya zauna ba. Mutanen da kullum tare suke cin tuwo a zaure bayan magariba. Magana ta fita a majalisa cewa aikinsa ba kula, Alhaji Usaini da ya ce a yi masa irin namu ya janye. Matar Nababa kuwa tana cikin goma sha bakwai ɗin nan, sau biyu na hura mata wuta. Jiya ta aiko mini da yajin jego da ta daka da hannunta.

Ga itacen da na yi shekaru ina mafarki yana ƙofar gida, na kasa kallonsa. In zan fita sai in kau da kai. Ina tsoro, Hajiya. Ba duka nake tsoro ba, ba saki ba, Malam ba haka yake ba. Tsorona ya dube ni da wani ido da bai taɓa dubana da shi ba, ya kasance da wannan idon zai karɓi ɗansa daga hannuna. Wata zuciyar ta ce in bari sai na haihu, lokacin farin ciki zai rufe komai. Wata ta ce in tafi da sirrin kabari, tunda kowa ya samu abin da yake so. To in ban tashi daga haihuwar ba fa? In faɗa masa, ko in yi shiru? In faɗa ɗin ne, ta ina zan fara?

Taki,
Mai Hura Wutar Mutane, daga wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Barka da arziki tun kafin a sauka, Allah Ya inganta. Na karanta wasiƙarki sau biyu. A karon farko na yi dariya wurin muciya, don ban taɓa jin an tuƙa irin wannan tuwo da ita ba. A karo na biyu ban yi dariya ba.

Amsar tambayarki gajera ce. Ki faɗa masa, kuma a cikin makon nan. Kin ce kowa ya samu abin da yake so. Wane kowa? Gwaggo ce kaɗai ta samu. Malam ya rasa abokinsa da abin da ya yi shekara goma yana tanadi a ransa, ke kin rasa barci, Nababa ya rasa suna. Da a ce tsakaninki da mijinki ne kawai, da na ce ki zaɓi lokacin da ya yi miki. Amma akwai haƙƙin mutum na uku a ciki, mai sana'a, wanda abincin iyalinsa yake rataye da yardar mutane. Duk kwanan da kika ƙara, shi yake biya. Wannan ba abin da za ki shiga ɗakin haihuwa da shi ba ne, ke ma kin sani, shi ya sa kika rubuto.

Ba zan ce miki muguwa ba. Macen da ta hura wa mata goma sha bakwai wuta da hannu ɗaya, tana share hawaye da ɗayan, ba ta yi laifi ba don ta so a ga nata hayaƙin. Wannan buri halal ne, ba abin kunya a cikinsa. Laifinki shi ne kin nemi abin da baki zai ba ki ta hanyar muciya, garin neman gira kika rasa ido. Sannan kika ga ana ɗora wa wani kika yi gum. Na biyun ya fi na farkon nauyi.

Malam ma ba zan wanke shi tas ba. Mutumin kirki ne, samun irinsa sai an tona. Amma ya yanke yadda jegonki zai kasance shi kaɗai, bai zaunar da ke ya tambaye ki me kike so ba. Ya buɗe ruwa da rana tsaka bayan da kunnensa ya ji an hana. Ya kuma yanke wa amininsa hukunci ba bincike, ya ƙi rantsuwarsa. Sai dai ki lura da abu ɗaya. Duk ginin da ya yi, a kan maganarki ya yi shi. Ke kika ce masa hayaƙi ne, ya yarda da ke, ya tashi ya yaƙi hayaƙi.

Don haka kada ki fara da jan mariƙi. Ki bari ya ci abinci ya huta, ba Gwaggo, ba Aina'u, ba kowa. Ki ce masa jan idon nan na shekara da shekaru ba hayaƙi ba ne, kuka ne. Ki ba shi labarin katangar zaure da inda ta tsage, yadda kika ba ni. In ya ji wannan, zai gane sauran tun kafin ki ƙarasa. Sannan ki faɗi abin da kika yi ɓaro-ɓaro, ba kwana-kwana, kada ki jingina wa shaiɗan ko laulayin ciki, ki nemi gafararsa. Zai ji zafi, kada ki yaudari kanki. Wataƙila ya yi kwana biyu ba ya sakin fuska. Ki ba shi wannan kwana biyun, haƙƙinsa ne. Idon da kike tsoro kuwa, ya fi kusa da zuwa in ya ji daga wani wuri, ko ya zauna wata rana ya haɗa lissafin wankin da kika yi ran Alhamis. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Daga nan sai Nababa. Malam ya taka da ƙafarsa ya same shi a gida ya ba shi haƙuri, kuma a majalisar da aka ɓata sunansa, nan za a gyara shi. Ba sai an tona ki ba. Ya isa ya ce ya bincika ya gano daga cikin gidansa aka rufe, aikin Nababa ba shi da aibu. Ya kuma faɗa wa Alhaji Usaini baki da baki. Ke kuma ki nemi yafiyar Nababa ta bakin mijinki, kafin ki ci yajin matarsa.

Tankin bai mutu ba. Na tambayi masu wannan aiki, sun ce irin waɗannan kwalabe ɗaya-ɗaya ake canja su. A sa Nababa ya sayo uku ya mayar, ya duba sauran, a cika da sassafe. Tabarmar da Malam ya rufa ta yi daidai, a bar ta har ranar gyara, kuma duk lokacin da za ku yi tafiya a riƙa rufewa haka. A tabbata baƙin tankin ba ya yankewa da ruwa. Jan mariƙin kuma a ɗaure shi da waya, saboda yara, da kuma manya masu muciya.

Ban ga dalilin da zai sa a zaɓi ɗaya tsakanin rana da wuta ba. Wankan jego sau biyu ne. Na yamma ki bar wa tanki, lokacin ne ruwansa ya fi zafi. Da safe yakan ɗan huce, ballantana ran da rana ba ta fito sosai ba. To a tari ruwan tankin a zuba a tukunya, a sa ganye, a tura itace uku ko huɗu ya ƙarasa. Gwaggo ta ga ruwa ya ga wuta, Malam ya ga wahalarsa ba ta tafi a banza ba, itacen da zai ƙare a arba'in ya kai ku har yaye. A hura a fili, nesa da ɗakin jariri, kuma ke ba ke za ki zauna a bakin murhu ba. Mata goma sha bakwai suna nan, su zo su rama.

Sai kashedi, da ke da Gwaggo. Ruwan tankin nan yana iya saɓule fata kamar na tukunya, a sirka shi, a gwada da gwiwar hannu. Ba na sha ba ne. Ranar awo ki tambayi malamar asibiti irin zafin da ya dace da ke, da maganar kunun kanwa, musamman in jininki yana hawa, domin likitoci sun daɗe suna jan kunne a kan wuce gona da iri a waɗannan biyun. In aka yi miki aiki ko ɗinki, maganarsu ce gaba da ta kowa. Bayan haihuwa in kika ga kumburi, ko numfashi yana yi miki wuya, ba ƙarin ruwan zafi ake yi ba, asibiti ake tafiya a ranar.

Ki tashi ki sauke wannan kaya, ƙanwata, wanda ke gabanki ya ishe ki ɗauka. In Allah Ya yarda, nan da mako biyar wani zai ɗaga kai daga gonar bakin rafi ya ga farin hayaƙi a saman gidan Malam, ina so ke ma ki iya ɗaga kai ki kalle shi. Ranar nan idonki zai yi ja, na sani. In Malam ya tambaye ki me ya same ki, ki faɗa masa gaskiya.

Allah Ya sauke ki lafiya, Ya raya abin da za ki haifa, Ya mayar da Malam da Nababa kan akushi ɗaya.

Hajiya Kaltumi